Murhu, Randa da Soro: Tarihin Tattalin Wuta a Gidajen Garwa

Uku-uku ta gama gari. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa, ko a Kano aka yanke masa cibiya ko a unguwar Hausare ta Garwa, ya san amsar wannan kacici-kacici tun kafin ya san baƙi da wasali. Murhu ne: duwatsu uku, tukunya a bisa, itace ta kafa uku. Abin da kacici-kacicin bai faɗa ba shi ne, yawancin zafin wannan wuta ba cikin tukunya yake shiga ba. Masu auna irin waɗannan abubuwa sun daɗe da gano cewa a buɗaɗɗen murhu, abin da ke isa ga abinci bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Sauran iska ke kwashewa, ko ya gasa ƙwaurin mai girki. Iyayenmu mata ba su san wannan lissafi ba, amma sun san asarar, kuma sun yi ta yaƙi da ita da dabaru waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Haka magina suka yi da zafin rana. Tarihin waɗannan dabaru, yadda aka same su, yadda aka raina su, da yadda tilas ta sa ake komawa gare su, wani yanki ne na tarihin zamanmu a wannan gari.

Garwa ta kafu a farkon ƙarni na 19 a hannun Modibbo Haman Njundi, cikin daular Fombina ta Modibbo Adama na Yola. Hausawa sun biyo bayan tutar Fulani a matsayin fatake, ɗauke da tufafi da kanwa da kayan ƙira, suna neman hauren giwa da sauran abin da kudu ke bayarwa. Fatake kuwa ba su tafiya su kaɗai. Inda suka yada zango, can za ka tarar da mahauci da marini da baduku da maƙeri da magini. Barebari ma haka suka zo suka kafa tasu unguwa, Kolere. Har yau harshen garin yana riƙe da shaidar wannan cuɗanya: ɗakin shiga gidan Lamiɗo da na manyan gari, wanda ake kira jawleeru da Fulatanci, zaurenmu ne ya sake riga.

Sai dai baƙin sun tarar da ƙasar da ba irin tasu ba. Garwa tana kwance a kwarin Binuwai, duwatsun Tingilin na tsare da ita ta arewa, zafi ya shiga ya rasa mafita. A watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40 kwana da kwanaki. Ga ruwan sama da ya fi na ƙasar Kano yawa, wajen milimita 1,000 a shekara. Soro mai rufin ƙasa, wanda a Katsina ko Damagaram zai daɗe da ɗan yaɓe kaɗan, a nan yana bukatar kulawa duk shekara: a sake yaɓe, a gyara indararo, a toshe tsaga kafin ruwan farko. Don haka gidan talaka ya fi karkata ga ɗakin ƙasa mai jinka, soro ya zama na mai hali. Duka biyun kuwa maganin zafi ne, kowanne ta hanyarsa.

Bangon tubali mai kauri ba ya hana zafi shiga, jinkirta shi yake yi. Rana za ta doki bayansa tun hantsi, zafin ya riƙa ratsa ƙasar sannu a hankali, kafin ya iso ciki la'asar ta yi sanyi. Shi ya sa wanda ya shiga zaure da azahar zai ji kamar ya shiga rijiya. Amma bashi ne, kuma da dare ake biya: bangon yakan saki abin da ya tara, ɗaki ya zama ba ya kwantuwa a bazara. Magabata ba su yi gardama da bango ba, sai suka ɗauki tabarma suka fita tsakar gida. Da hunturu kuma wannan bashin shi ne alheri, domin ɗakin da ya sha rana yini guda shi ke ɗumama mai shi da asuba, in ya gaza a ƙara da kaskon garwashi. Jinka tata hikimar daban ce. Ciyawa ba ta tara zafi, iska na ratsa ta, iska mai zafi ta haye ƙololuwa ta bar mutum a ƙasa. Gida ɗaya yakan haɗa duka, mutanen gida su riƙa bin inuwa kamar yadda makiyayi ke bin ciyawa: hantsi a rumfa, tsakar rana a zaure ko soro, yamma a gindin bishiya, dare a fili. Maƙwabtanmu Musgum na bakin kogin Logon, wajen Pus, sun kai wannan ilimi wani matsayi da ya ba baƙi mamaki. Ɗakunansu masu siffar ƙwai, dogaye, na zallar yumɓu ba azara ko ɗaya, an bar musu kafa a ƙololuwa don hayaƙi da zafi su fice. Marubucin Faransa André Gide ya gan su a 1926 ya yi ta yabo, amma yabon bai hana jikokin maginan komawa ga kwano ba.

Ruwan sha kuma randa ce ta riƙe shi. Jikin randa yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar ta tafi da zafi. Abin da gumi ke yi wa jikin mutum ke nan. Saboda haka ake girke ta a inuwa inda iska ke wucewa, a kan jiƙaƙƙen yashi, kuma saboda haka tsofaffi suka fi son sabuwar randa, domin tsohuwa kafofinta sun toshe. Duk wanda ya shafa wa randa siminti ko fenti don ta daina yoyo, ya kashe ta ne bai sani ba.

Amma inda dabara ta fi yawa shi ne madafa, kuma ilimin mata ne zalla. Wake ana jiƙa shi tun dare, a jefa masa ɗan kanwa ya nuna da wuri. Kanwar nan da fatake suka yi ta dakonta daga ƙasar Barno, rabin amfaninta a tukunya rage cin itace ne. Tukunya ba a barin ta a buɗe. In ta tafasa sai a zare itace ɗaya ko biyu, domin ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai wutar da aka zuga masa, ƙonewa kawai yake yi. In an sauke, a yayyafa wa garwashi ruwa a adana gawayin don guga ko shayin gobe, ko a binne guntun wuta cikin toka ya kwana da rai. Wadda tata ta mutu sai ta aiki yaro maƙwabta da sakaina ya ɗebo, tun zamanin da ashana abin saye ce mai daraja. Dambu ana turara shi a madambaci bisa tukunyar da ke dafa wani abu, wuta ɗaya aiki biyu. Fura ana dafa ta sau ɗaya a sha yini guda ba a sake hura wuta ba. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe. Kuɓewa da tumatir da barkono da nama kuwa rana aka bar wa aikinsu, ita da ba a saye. Itace mai kyau ana tara shi da rani a ɓoye don damina, a yi ta lallaɓawa da karan dawa da na masakwa da busasshen kashin shanu, abin da ba ya wuya a garin da Fulani suka kafa.

Wuri ɗaya ne wannan tattali ya tsaya, wato wankan jego. Kwana arba'in ana tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, ga gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi, kuma tulin itacen da miji ya sauke a ƙofar gida shi ne ma'aunin mutuncinsa a idon surukai. A nan babu mai zare itace. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da wannan zafi haɗe da kunun kanwa. A ganina wannan na cikin al'adun da sassauta su bai rage mu da komai ba, ya kuma bar wa daji itatuwa masu yawa.

Canji ya zo ne ta kogi. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace ta a 1915, ta zauna a hannun Faransa har 1960. A duk wannan zamani tashar jiragen ruwa ita ce ƙofar arewacin Kamaru. Watanni kaɗan na cikar kogi, jirage na hawowa daga gaɓar teku ta Najeriya, su sauke gishiri da kananzir da siminti da kayan ƙarfe, su koma da gyaɗa da auduga. Kananzir ya kori fitilar aci-balbal mai man gyaɗa, fitilar ƙwai ta maye gurbinta. Kwano, wanda a nan aka fi sani da tol, ya fara hawa kantunan Turawa da ofisoshi, daga nan ya sauka gidajen attajirai. Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya karya harkar kogin, jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974 ya ƙarasa ta, amma kafin nan sha'awar kwano ta riga ta kama gari. Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa da aka haifa a 1924, ya mulki ƙasa daga 1960 zuwa 1982, kuma bai manta da mahaifarsa ba: tituna, filin jirgin sama, masaƙar CICAM, hedikwatar SODECOTON da aka kafa a 1974. Masana'antar siminti ta Figil ta kawo bulo kusa da hannu.

Kada a zalunci waɗanda suka zaɓi kwano, suna da hujja. Wanda ya taɓa ganin gobara ta tashi a unguwar jinka da iskar hunturu, ta lashe gida ashirin kafin a jawo guga, ba zai yi wa kwano dariya ba. Ba ya bukatar sabuwar ciyawa duk bayan 'yan shekaru, gara ba ta cin sa, ba ya rufto wa mutane a tsakiyar damina. Ga shi ciyawar jinka ta yi nisa da gari, giginyar da ake tsaga azara ta yi ƙaranci. Sai dai an sayi waɗannan da tsada. Fallen ƙarfe da bai kai kaurin farce ba, rana na taɓa shi yake miƙa zafin ga na ƙasa, bulo mai rami kuma ba shi da jikin da zai jinkirta komai. Ɗakin da ya fi kowanne kyan gani a gida ya zama wanda ba a iya zama cikinsa da rana. Abin da ya fi ciwo shi ne darajar da ta sauya wuri. Ɗakin ƙasa ya koma alamar rashi, saurayi ba ya kai amarya cikinsa, ɗan magini ya bar tubali ya koyi birkila. Ilimin da ba a rubuce yake ba, in aka tsallake tsara ɗaya ba a koya ba, ya tafi.

Sanyin da gini ya daina bayarwa, sai aka ce lantarki zai bayar. Tsakanin 1977 da 1982 ma'aikatan ƙasar Sin suka datse Binuwai a Lagdo, kimanin kilomita 50 daga Garwa, suka kafa injuna huɗu masu ƙarfin megawat 72 a haɗe. A lokacin wutar ta fi bukatar arewa yawa. Fanka ta shiga ɗakuna, firji ya ture randa zuwa bayan madafa, matan aure suka samu sana'ar ƙanƙara da zoɓo mai sanyi. Sanyi ya zama abin da ake biya duk wata, kuma muddin kuran na nan babu mai kuka.

Amma dam ɗin yana da aibin da ba a ga girmansa ba sai daga baya. Ruwansa ya fi ja baya a ƙarshen rani, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani kowa ya kunna fanka. Yashi da laka sun yi ta taruwa a cikinsa, injuna sun tsufa, jama'a ta ninka, kuma layin arewa, wanda ke ciyar da Ngaundare da Garwa da Marwa, ya daɗe ba a haɗe yake da na kudu ba, balle a yi aro. Wajen 2021, da damina ta gaza cika tafkin, unguwanni suka riƙa kwana suna yini babu wuta, injunan mai na Jambutu ba su iya cike giɓin ba. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Gidar da Marwa, masu kimanin megawat 30 a haɗe, sun kawo sauƙi daga 2022 zuwa 2023. Duk da haka wanda ya kwana a ɗakin kwano ba silin cikin Afrilu, fanka a tsaye, ya riga ya koyi abin da zai koya.

Ta fuskar itace kuwa, tun fari na 1973 da na 1984 aka gane daji ba ya ƙaruwa. Gwamnatin Ahijo ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a shekarun 1970, aka farfaɗo da shi a 2008 tare da rabon ingantattun murahu. Dogon yaro, baƙo daga Indiya, ya cika titunan Garwa da Marwa har ya zama ɗan gari. Fulanin nan suna ce masa gannye, kalmar da duk Bahaushe zai gane asalinta. A faɗin Sahel an yi ta gwajin murhu. A Burkina Faso, zamanin Thomas Sankara, an yaɗa murhun duwatsu uku da aka kewaye da yumɓu. A Nijar aka fito da na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, da na ƙasa mai suna Albarka. Asalin dabarar ɗaya ce, kuma kowace mace tana iya yi da hannunta. A kwaɓa yumɓu da ciyawa da kashin shanu ko na jaki, a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa. A girke duwatsun nan uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa amfani da ita, a gina bango a kewaye har wuyanta, a bar tazarar yatsa guda tsakaninsu don harshen wuta ya lashi gefen tukunya kafin ya fita. A yanka ƙofa ɗaya ta itace, a bari ya bushe sarai kafin a hura. In an yi shi daidai, itace biyu na yin aikin uku ko fiye, hayaƙi ya ragu, yaro ba ya faɗawa wuta.

To me ya hana ya gama gari kamar na uku-uku? Masu kawo shirye-shiryen sun fi sanin wuta da sanin tuwo. Murhun da aka gina wa tukunya ɗaya ba ya karɓar ta suna ko ta biki. Tuƙin tuwon gida mai mutum goma sha biyar yana son tukunya ta zauna daram, muciya ta samu wurin juyawa, bakin murhun yumɓu kuwa yakan fashe. Wanda aka gina a fili damina ɗaya ke narkar da shi. Mai girki da ta saba bin inuwa da murhunta ba ta son wanda aka kafe wuri ɗaya. Abin da ya zauna da gindinsa shi ne wanda maƙeran kasuwa suka ƙera da tsohuwar ganga da gangar jikin mota, domin su matan ke zuwa su ce a ƙara nan a rage can. Daga hannunsu aka samu murhun garin katako na masu sayar da abinci: a tsayar da ƙaton bututu tsakiyar ganga, a danƙare garin katako a kewaye, a zare bututun, a kunna ta ƙasa, ya yi ta ci sa'o'i da abin da masassaƙa ke zubarwa.

Gawayi yana da nasa ruɗin. A madafa ya fi itace tsabta da auki, amma kafin a samu kilo ɗaya nasa an ƙona kilo biyar na itace ko fiye a daji. Chadi ta hana shi shiga Njamena tun farkon 2009 saboda wannan dalili. A sansanin Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013 don 'yan gudun hijira daga Barno, itatuwan kewaye sun ƙare cikin 'yan shekaru har rigima ta fara shiga tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Can mata suka koyi curin gawayi daga ɓawon gyaɗa da totuwar masara da sauran tarkacen gona: a babbake su ba tare da sun zama toka ba, a daka, a kwaɓa da abin da zai riƙe, a cura a shanya.

Randa ma ta dawo da sabon suna. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki ilimin da ya gada a gidan maginan tukwane, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da kan yanƙwane cikin kwana uku ya kai mako uku da ɗoriya. Ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana aiki sosai da rani in iska a bushe take. Da damina, musamman a kwarin kogi irin namu, sanyinta kaɗan ne, kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba.

Wanda ya zaga unguwanni yau zai ga tsoho da sabo sun haɗu ba tare da wani shiri ya haɗa su ba. Zanar da aka kora daga kan rufi ta koma ƙarƙashinsa ta zama silin, wasu ma da kwali suke yi, ko da yake kwali abokin gobara ne da ɓera. Akwai masu shimfiɗa karan dawa a bisa kwano, akwai masu shafa masa farin fenti don ya mayar da hasken rana. Ana kafa rumfa a jikin bangon yamma, wanda ya fi kowanne shan rana, ana huda kafofi a saman bango dab da rufi don iska mai zafi ta samu mafita kamar a ɗakin Musgum. Ƙwan fitila na zamani mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60, don haka ƙaramin faifan sola da batirin babur sun isa su haska ɗaki su caja waya. Da hunturu, baƙar jarka da aka bari a rana tun hantsi tana ba da ruwan wanka da la'asar ba a ƙona tsinke ba.

Akwai dabara ɗaya da har yanzu ba ta yaɗu ba, alhali babu garin da ta fi dacewa da shi kamar garin auduga. A sami kwando mai zurfi ko tsohon kwali, a shimfiɗe cikinsa da audugar tsohuwar katifa ko tsummoki masu kauri, a yi masa matashi na rufewa. Shinkafa in ta tafasa minti biyar, a sauke ta da murfinta a rufe, a cusa cikin kwandon, a danne da matashin. Bayan minti arba'in ta nuna da zafin da ta riga ta ɗauka, ba ta kama ba, ba ta ƙone ba. Wake yana son tafasar minti goma sha biyar zuwa ashirin, sannan awa uku a kwando. Mai azumi tana iya sauke tukunya da azahar, ta buɗe ta da zafinta bayan an sha ruwa.